Ihun da na yi a sallajar Sulay

Amira da Walid, akwai maganar da za ku ji a gidan suna ko gidan biki in kun girma. Wata gwaggo za ta rage murya ta ce Baffanku Mustafa an koro shi daga Saudiyya ne saboda tsubbu. Wata za ta gyara mata ta ce bori ne, har da mai goge aka kama shi. Kafin a kwashe kwanuka za ku ji an ce yana da aljani mai shan lemu. Ban ga laifinsu ba, domin maganar lemun daga bakina ta fito. Shi ya sa na zauna in rubuta muku yadda abin ya faru a shekarar da na cika sha shida. Zan yi ƙoƙari kada in ƙara gishiri, ko da yake mahaifiyarku ta ce ko sallama na yi sai ta rage kashi ɗaya cikin uku.

A Riyad aka haife mu, ni da Yaya Mustafa, a unguwar Ulaisha, a wani tsohon bene da in maƙwabci ya yi atishawa sai Umma ta amsa masa. Baba direba ne, yana ɗauko kayan gwari daga kasuwar Aziziya ya kai wani sito a unguwar Sulay. Mai siton shi ne kafilinsa, wato mutumin da takardar zamanmu, iƙama, take rataye a wuyansa. Ni da Umma muna ƙarƙashin takardar Baba. Yaya kuwa ya girme ni da shekara shida, ya riga ya sami tasa takardar a hannun kafilin nan, yana loda kwalaye a siton. Nijeriya a hoto muka san ta. Larabci muke yi a titi da makaranta, Hausa kuma a gaban Umma kawai, ita ma takan ce Hausar tamu duk ta yi gudaji kamar tuwon sabuwar koyo. Wani abu kuma game da Umma: Yaya ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba. “Yayanka” take cewa, ko “wancan,” in ranta ya ɓaci kuma “mai dogon wuyan nan.” Na sha yi mata tarko, in nuna sunan a takarda in ce ta karanta mini, sai ta jefe ni da silifa.

Wata rana na saci iyafis ɗin Yaya yana wanka, don in ji abin da ke sa shi lumshe ido kamar mai zikiri. Na sa a kunne, na kusa faɗowa daga gado. Ku ɗauka an zuba tsakuwa a injin wanki, an saki rina dubu a kai, sannan can a baya wani yana taka wutsiyar mage ba ya ɗagawa. Ya fito da tawul ya same ni baki buɗe.

“Yaya, wayarka ta lalace.”

“Ba ta lalace ba. Black metal ake ce masa. Turawan ƙasar ƙanƙara ke yi, sanyi da duhu sun ishe su.”

“To kai me ya ishe ka?”

Sai ya nufi gado. Ya jawo wata tsohuwar jita mai amfani da lantarki daga ƙarƙashin katifa, ya ce in na gaya wa kowa sai ya miƙe mini wuya ya kai nasa.

A lokacin ba a kiɗa a fili a Riyad. Irin wannan kuma ya fi kowane haɗari, domin wasu masu yin sa a can ƙasashensu suna zagin addini, kuma ba wanda zai tsaya ya tambaye ka ko kai kana cikinsu. Mu ba ma ciki. Yaya ya fi ni riƙon salla nesa ba kusa ba. Abin da ya rasa shi ne murya, tasa siririya ce, in ya ɗaga ta sai ta karye. Ni kuma aka gano tawa ranar da kyankyaso ya shige mini riga a banɗaki. Na yi ihun da ya sa mai shagon ƙasa ya rufe ƙofa yana tsammanin gobara. Umma na salati, Baba na neman sanda, Yaya kuwa ya tsaya yana kallona kamar ya tsinci zinariya. Da aka watse ya ja ni ɗaki ya ce in sake yi. Ya kafa mini doka huɗu: ba saɓo, ba suna, ba hoto, ba a gaya wa kowa. Ta huɗun ya maimaita sau uku, ya ce bakina ba shi da murfi.

Muka sa wa kanmu suna Toka. Faifanmu na farko a cikin kabad ɗin kaya muka ɗauka, in Umma ta tafi unguwa, ni a tsugune tsakanin jallabiyoyin Baba, an lulluɓe ni da bargo biyu a zafin Riyad. Ganga daga kwamfuta take, tana gudu kamar an biyo ta. Jitar tana ƙugi siriri ba hutu. Ni kuma ina ihu a kan dusar ƙanƙara da baƙin daji, ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin kofi. Yaya ya sa shi a intanet ba suna. Mutum goma sha ɗaya suka saurara, uku daga ciki ni ne. Na ce mun shahara. Shi ya zauna ya ji daga farko har ƙarshe, ya cire iyafis ya ce kwafi ne kawai, kayan aro muka sa, kuma sun yi mana yawa.

Abin ya canza da bazara ta shigo. In rana ta take, ana tsayar da aiki a Sulay daga azahar zuwa la’asar, leburori su bazu a inuwa su kwanta. Yaya ke riƙe da makullin sallaja, wato babban ɗakin sanyi da ake ajiye tumatir da lemu da kabeji. An yi mana hutun makaranta, Baba ya ce in riƙa bin su don kada in rusa gidan. Wata rana Yaya ya ja ni ciki ya rufe ƙofa, ya ce in yi shiru in saurara. Injin sanyin yana wani gurnani mai kauri, ba ya hawa ba ya sauka, kana jin sa a haƙora da ƙashin ƙirji. Ya ce wannan shi ne sautinmu, shekara biyu yana jin sa kullum bai gane ba. Ya sassauta tsirkiyar jitar har ta daidaita da gurnanin, ya rage gudun gangar, ya bar kowace bugawa ta daɗe tana yawo tsakanin bangon ƙarfe kafin ta mutu. Ihuna ma ya zama wani abu a ɗakin, yana tafiya ya dawo mini da sanyi. Ranar farko ba mu da baiti, sai na riƙa karanto abin da ke jikin kwalaye: kabeji, karas, albasa, tattasai. Da Yaya ya sa shi a intanet, wani Bature ya rubuto cewa tsohuwar la’ana ce ta mutanen hamada, ta hana shi barci. Na yi dariya har na shaƙe.

Daga baya Yaya ya fara rubuta baiti na gaske, rabi Larabci rabi gurguwar Hausarmu. Duk a kan abu ɗaya suke: an haife ka a gari, ka san kowane lungu nasa, amma duk shekara sai ya tambaye ka takarda. A lokacin ban damu da ma’anar ba, ni dai in buɗe maƙogwaro.

Na ukunmu shi ne Sanusi, mutumin Maradi, abokin lodin Yaya, mai mata da ’ya ɗaya a gida. Mutum ne mai sanyin hali, in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Yana da kukuma da ya haɗa da hannunsa, ƙoƙo da fata da tsirkiya ɗaya, yana ɓoye ta a buhun shinkafa, yana gogawa a hankali in kewar gida ta kama shi. Da Yaya ya sa masa faifanmu, ya saurara da ladabi ya ce Allah ya ba mu lafiya. Amma ya yarda ya gwada. Da ya ja izgar a kan gurnanin injin, sai na ji gashin jikina ya tashi, kuma ba sanyin ɗakin ba ne. Kamar tsohuwa ce ke kuka a bayan katanga, ta gaji amma ta kasa dainawa. Yaya ya cire gangar kwamfuta gaba ɗaya. A madadinta ya ɗauki ƙarar rufe ƙofar sallaja da kukan tayar amalanke. Waƙa ɗaya ta kai minti goma sha ɗaya, jita na tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kaya, kukuma na zagaye ta, ni kuma ba na shiga sai can tsakiya. Ranar da muka gama ta, Yaya ya zauna a kan kwalin lemu yana rawar sanyi yana murmushi. Ya ce yanzu ba mu yi kama da kowa ba. Ban taɓa ganin sa da irin wannan fuskar ba, kuma ban sake gani ba.

Mai gadin siton wani dattijo ne daga wajen Katsina, Baba Garba. Mutumin kirki ne, kada ku tsane shi. Kullum yana ajiye mini dabino a aljihu. Wata rana na fito daga sallaja leɓena duk ya yi fari, ya yafito ni.

“Habibu, zo nan ɗana. Me kuke yi a cikin ɗakin nan da rana tsaka? Na ji goge, na ji ihu.”

Da na ce wasa muke yi, da ya wuce. Amma na ga fuskarsa a tsorace, sai shaiɗanin bakina ya motsa.

“Baƙi muke karɓa, Baba Garba.”

“Waɗanne baƙi?”

“Mutanen ɓoye. Su ma zafin Riyad ya ishe su, sallaja suke so. Babbansu lemu yake sha, kwali guda a zama ɗaya. Sanusi ya goga musu, su hau kaina, Yaya kuma ya tambaye su labarin gobe.”

Na juya idona har baƙin ya ɓace, na karkace wuya, na yi ɗan gurnani. Bai yi dariya ba. Ya ja da baya yana neman tsari, dabinon da ya ciro mini ya faɗi ƙasa. Na ɗauka na goge na ci, na tafi ina jin na burge.

Ku gane wani abu. Da Balarabe ne ko Bapakistane ya ji sautin nan, hayaniyar yara zai kira shi. Kunnen Bahaushe ne kaɗai zai ji kukuma da ihu a rufaffen ɗaki ya ce bori. Kuma a Saudiyya zargin sihiri ba abin wasa ba ne, musamman a kan baƙar fata mai takardar aro. Baba Garba ya kwana biyu yana juya maganar. Yana tsoron Allah, yana tsoron abincin da mutane za su ci, yana tsoron a ce da saninsa, kuma ya yi imani yaro ake cutarwa. Ya laɓe a bayan ƙofa ya ɗauki sautin da wayarsa, ya kai wa kafil.

Bayan la’asar aka kira mu ofis, ni da Baba da Yaya da Sanusi. Ba a ce mu zauna ba. Kafil ya ajiye wayar a tebur ya kunna. A ƙaramar lasifikar nan duk kyan abin ya gudu, ba gurnanin injin, ba faɗin ɗakin, sai kukuma da wani yana ihu kamar ana yanka shi. Ni kaina da ban san komai ba da na ce bori ne. Yaya ya fara bayani da Larabcinsa mai kyau, cewa kiɗa ne, ba sihiri a ciki, ya karanto baitin. Kafil ya ɗaga hannu, ya juya wajen Baba.

“Ya Abu Mustafa, ban kira hukuma ba saboda kai. Tun kafin a haifi yaran nan kake tuƙa mini mota, ban taɓa jin wani abu a kanka ba. Sihiri ne ko kiɗa ne, ban sani ba, ba na kuma son in sani. Amma ma’aikata duk sun ji, kuma a sitona aka yi. Mai gogen zai tafi. Mai ihun zai tafi. Muryar wa ce?”

Kowa a ɗakin ya san abin da tambayar ke nufi. Ni a kan takardar Baba nake. In aka ce tawa ce, ba ni kaɗai zan fita ba, gidan duka ne, Baba da Umma da aikin da ya tsufa a kai. Yaya kuwa takardarsa daban.

“Tawa ce,” in ji Yaya.

“Mai gadi ya ce yaron ne.”

“Mai gadi a waje yake. Yaron ruwa yake kawo mana. Tawa ce.”

“Yi in ji.”

Yaya ya ja numfashi, ya miƙe dogon wuyan nan, ya buɗe baki. Abin da ya fito kamar ɗan akuya mai mura ne. Muryar ta karye a tsakiya, ya kama tari, ya sake gwadawa, ta sake karyewa. A wata ranar da na yi sati ina kwaikwayonsa. Na ji takalmin Baba ya sauka a kan yatsun ƙafata ya danne. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa takalmin ne ya hana ni magana. Ba shi ba ne. Ko da Baba bai taka ni ba, ba zan buɗe baki ba. Tsoro nake ji, kuma a cikin tsoron har da ɗan daɗi cewa wani ya shiga gabana. Kafil ya dube ni ya daɗe, ya san gaskiya sarai. Sannan ya kashe wayar ya ce halas, magana ta ƙare, Mustafa da Sanusi huruj niha’i, wato fita ba dawowa.

A waje Sanusi ya tsaya kusa da ni. Baba Garba ya riga ya faɗa wa ma’aikata duk abin da na ce. Na sunkuyar da kai ina jiran mari.

“Habibu, kwali guda a zama ɗaya?” in ji shi. “Ai ko aljani ne ya yi gudawa.”

Ya yi ’yar dariya, ya dafa kaina, ya tafi tattara kayansa. Ban sake jin labarinsa ba. Na nemi lambarsa daga baya, ba ta shiga.

Kwanakin da suka rage gidanmu ya zama kamar sallajar, ba abin da ake ji sai fanka. Baba bai dake ni ba, bai yi mini faɗa ba, ya dai daina kallona in yana magana. Umma tana ninke kayan Yaya tana warwarewa tana sake ninkewa. Ni na yi ta jira Yaya ya zage ni, har na tsokane shi don ya yi, ya ƙi. Abin da ya dame shi kawai shi ne in koya masa gaisuwar manya da Hausa, wai kada ya je ya kunyata Baba. Ni da ban iya ba nake koya masa. Da safiyar tafiya muka raka shi filin jirgi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Umma, ta kawar da kai kamar yadda ta saba. Ya ɗauki jaka ya kama hanya. Har ya kusa shiga layi sai na ji wata murya a gefena, ba da ƙarfi ba.

“Mustafa.”

Shekara ashirin da biyu Umma ba ta faɗa ba. Ya tsaya cak, bai juyo ba, kafaɗunsa kawai na ga suna motsi. Ita kuwa sunan kawai take so ta faɗa. Ni da na yi shekaru ina yi mata tarko don in ji wannan, sai na toshe kunnena.

Yaya ya sauka Kano a gidan Kawu, garin da bai san ko titi ɗaya ba. Labarin ya riga shi isa, domin mutanen Sulay suna waya gida, kuma labarin da ya isa nawa ne, da lemun da komai. Ya koyi gyaran janareto. Sau biyu ya nemi aure, sau biyu aka bincika aka ce a’a. In aka tambaye shi ko gaskiya ne abin da ake faɗa, sai ya ce abin ya wuce, domin in ya musa za a tambayi wanda ya yi ihun. ’Yan shekaru bayan tafiyarsa aka fara kiɗa a fili a Riyad, da manyan alluna da fitilu, matasa suna layi da tikiti a hannu. Na wuce ta gaban wani taron a motar Baba, na ji ganga tana girgiza gilashi, ba wanda ya kira kowa ofis. Na tsaya a gefen titi na kifa kai a sitiyari.

Sau ɗaya Yaya ya turo mini sauti daga Kano. Gurnanin janareto ne a ƙasa, jitar aro a kai, tana tafiya a hankali fiye da da. Ba kukuma, ba ƙofa, ba amalanke. Can tsakiya jitar ta ja baya ta bar fili na kusan minti uku, janareto kaɗai ke aiki. A ƙasa ya rubuta: na bar maka wuri. Na shiga mota na rufe gilashi, na kunna, na jira wurin ya zo, na buɗe baki. Ba abin da ya fito. Na gwada a banɗaki, na gwada a hamada bayan gari inda ba kowa. Ni da ba a taɓa samun mai rufe mini baki ba, in wurin nan ya zo sai in ji ni tsaye a ofis da takalmi a kan yatsuna. Bai taɓa tambayata ba, bai kuma sake turo wani ba. Kawu ya ce ya daina taɓa jita.

Sautin yana nan a wayata, duk wayar da na canza sai na kwashe shi. In kun kai shekarun da za ku iya zama minti goma sha ɗaya wuri ɗaya, zan sa muku na sallajar ku ji abin da Baffanku ya gina da injin sanyi da ƙoƙo da tsirkiya ɗaya. In kun je Kano ku durƙusa ku gaishe shi da kyau, da Hausar da ta fi tawa. In kuma wata gwaggo ta rage murya ta fara maganar bori, kada ku yi mata rashin kunya. Ku bari ta gama, sannan ku ce mata Baffanmu ko ihu bai iya ba, muryar ubanmu ce.